Kabad ɗin kicin na warin danshi, fumfuna na dawowa kowace damina: ina mafita?

Wata baiwar Allah daga Kaduna ta aiko da tambaya. Ta ce gidan haya take, shekararta biyu a ciki, kuma da zarar watan Yuli ya kama sai kabad ɗin kicin ɗinta ya fara wari. Baƙin ɗigo-ɗigo ya fito a bayan kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki da na kusa da shi, garin tuwo ya dunƙule, muciya da ludayin duma sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Ta wanke da Hypo har sau uku, ta zuba kafur, ta yi turaren wuta, amma bayan mako biyu abin ya dawo. Tana so ta san ko katakon ne ba shi da kyau, ko kuwa akwai wani magani da ya fi wanda take sawa.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na fi shekara ashirin ina haɗa kabad ɗin kicin, kuma rabin kiran gyaran da ake yi mini tsakanin Agusta da Oktoba a kan wannan matsalar ne. Abin da zan fara gaya miki shi ne ki daina neman maganin da ya fi ƙarfi. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayar fumfuna tana cikin iska kullum, a gidana da gidanki da fadar sarki, ba mai iya hana ta shiga. Abincinta kuma ga shi a kicin: katako, kwali, ƙurar gari, maiƙon da ya bushe a bango. Abu ɗaya ya rage mata kafin ta tsiro, shi ne laima. Duk inda kika ga fumfuna ta kafu, akwai ruwan da ke zuwa wurin, ko kin gan shi ko ba ki gan shi ba. Wankin da kike yi kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Don haka aikin farko bincike ne, kuma ke da kanki za ki iya yin sa ba tare da kin biya kowa ba.

Ki kwashe komai daga kabad ɗin ƙarƙashin sinki, ki goge wurin ya bushe, ki samo tishu ki naɗe kowace mahaɗa ta bututu: inda bututun ya haɗu da gindin sinki, gwiwar da ke ƙasa wadda ruwa ke kwanciya a cikinta, da siririn tiyon da ke kai ruwa famfo. Sannan ki toshe sinkin, ki cika shi, ki sake ruwan a lokaci guda. Yawancin yoyon ba ya nuna kansa da ɗan ruwan wanke hannu, sai ruwa mai nauyi ya bi ta bututun. Tishun da ya jiƙe ya tona asiri. Ki kuma zuba ruwa kaɗan a gefen sinki, inda ƙarfen ya zauna a kan dutse ko katako, da tsagin da ke tsakanin kantar kicin da tayil ɗin bango, ki leƙa ƙasa da tocila. Gam ɗin silikon da ake liƙe wuraren nan da shi yana ɓamɓarewa bayan 'yan shekaru, ruwan wanke-wanke ya riƙa silalewa ta baya inda ido ba ya kaiwa. Ɗigo ɗaya a minti bai kai a ji ƙararsa ba, amma a wata guda ya isa ya ruɓar da ƙasan kabad. A cikin kabad goma da na buɗe suna wari a ƙarƙashin sinki, mafi yawansu nan matsalar take, kuma kuɗin gyaran bai kai na buhun shinkafa ƙarami ba.

Idan bututu lafiya lau, sai a koma kan bango. Tunda kin ce har kabad ɗin da ke maƙwabtaka da na sinkin ya kamu, ina zargin bangon. Ki zagaya ki ga me ke bayansa. Banɗaki ne? Tankin ruwa ne da ke ambaliya? Lambatu ne ya toshe, ko indararo ne ke zubar da ruwan rufi a jikin ginin? Ko an cika ƙasa a gindin bangon an shuka fulawa ana ba ta ruwa safe da yamma? Ga gwajin da nake yi, kuma ba ya ƙarya. Ki yanki leda mai kauri, faɗin faifai, ki manna ta a bangon, ki liƙe gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ki bar ta kwana biyu. In kika ɗaga kika tarar da raɓa a fuskar da ke kallon bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. In kuwa raɓar tana fuskar da ke kallon ɗaki, bangon ba shi da laifi, iskar kicin ɗin ce ta cika laima.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa yana da alamarsa. Ba ya cika wuce mita ɗaya daga daɓe, yakan bar zane kamar inda ruwan kogi ya tsaya, fenti ya yi bororo, filasta ta riƙa zubar da farin gari mai kama da kanwa. Bulon siminti yana shan ruwa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Shi ya sa magina ke shimfiɗa baƙar leda ko kwalta a kan tushe kafin a ɗora bango, abin da suke kira DPC, kuma ƙa'ida ita ce ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Gidajen haya da yawa ko dai ba a saka ta ba, ko an saka amma daga baya aka ɗaga tsakar gida da intalok har ya haura ta. Wannan gyaran na mai gida ne. Abin da ba na so ki yarda da shi shi ne a zo a lulluɓe bangon da tayil ko fenti mai sheƙi a ce an gama. Ruwan bai tafi ko'ina ba, zai haura ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya tsallaka ɗakin da ke ɗaya gefen.

Yanzu ga wanda mutane suka fi rainawa, wato tururi. Kin san yadda kwalbar lemo ke gumi in an fito da ita daga firji. Ruwan ba daga cikin kwalbar ya fito ba, na iska ne ya sami wuri mai sanyi ya sauka. Haka bayan kabad yake: lungu ne mai sanyi, mai duhu, iska ba ta motsi. Ki lissafa tururin da kicin ɗin Bahaushiya ke fitarwa a yini: ruwan tuwo, dahuwar wake, dambu, alale, farfesun da ke awa biyu a kan wuta, ruwan wankan yara. Ko wutar gas ɗin kanta ruwa take fitarwa. Kowane kilo na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a iska, ke nan silinda mai kilo 12.5 kafin ta ƙare ta zuba wa kicin ɗinki kusan lita 20, jarka guda cur, ban da abin da ke tashi daga tukunya. Risho ma haka, kusan litar ruwa a kan kowace litar kananzir. Da rani da hunturu ba ki jin komai, domin iskar Arewa a lokacin busasshiya ce ƙayau, laimarta kan sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, tana shanye komai nan take. A Agusta kuwa iskar waje da kanta ta haura kashi 70, ga shi an rufe taga saboda feshin ruwa da sauro. Fumfuna tana samun yadda take so ne idan laima ta daɗe sama da kashi 70, kuma abin da ake nema a cikin gida shi ne a riƙe ta ƙasa da 60. Akwai 'yar na'ura mai batir, girman akwatin ashana, da ke nuna wannan lissafin. Ba ta da tsada, in kin samu ki jefa ta cikin kabad ki ga abin mamaki.

Maganin tururi ba ya buƙatar dogon bayani. A rufe tukunya da murfi. A buɗe taga lokacin girki da rabin awa bayansa, a rufe ƙofar da ke shiga falo. In da hali a huda bango a sa fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje. Na jaddada waje, domin na sha ganin na'urar zuƙe hayaƙi mai tsada an rataye ta a saman murhun gas ba a haɗa mata bututun fita ba, tana tace maiƙo ta dawo da tururin cikin ɗaki. Ado ce kawai. Dahuwa mai tsawo irin ta ganda ko wake, in akwai rumfa a tsakar gida, a kai ta can kan gawayi. Kuma kada a shanya tsumma ko tawul a jikin ƙofar kabad.

Sai kuma ruwan da mu da kanmu muke kai wa kabad da hannunmu. A nan sai an yi haƙuri da ni. Yarinya ta gama wanke-wanke da magariba, tana sauri, ta kife kwanuka cikin juna da ruwansu ta tura kabad ta rufe. Kular abinci an wanke an mayar da murfi an ɗaure. Muciya, akushi, ƙwarya, maburgi, katakon yanka albasa, duk masu shan ruwa ne, saman su ya bushe amma cikinsu da saura. Iyayenmu ba su taɓa kulle irin waɗannan a akwati ba. Ƙwarya a ragaya take kwana tana shan iska, muciya a soke take a jikin danga, turmi a kife a rana. Kayan itace da na duma ki fitar da su daga kabad gaba ɗaya, ki buga ƙusa ko ki sa ƙugiya ki rataye. Sauran kwanuka su kwana a kwandon tsane ruwa, da safe a jera. Ledar nan mai fulawa da ake shimfiɗawa a kan shelf don kwalliya ita ma ki ɗaga ta ki duba ƙarƙashinta, jarida da kwali kuwa abincin fumfuna ne da kyankyaso, a kwashe su. Ki lura da firji ko firiza in suna manne da kabad: duk sanda aka ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, ruwan ƙarƙashin katako yake bi.

To, bayan an gano hanyar ruwa an toshe, sai wanki. Ki zaɓi ranar da rana ta fito. Buɗe taga, sa takunkumi da safar hannu, yara da mai asma da mai juna biyu su bar wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, cushewar ƙirji da tashin asma, saboda haka ba wari kaɗai ba ne damuwar. Kada ki kankare fumfuna a bushe da buroshi, ƙurarta za ta watsu ta sauka a sauran kabad. Ki fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke a tsumma, ki ɗauke baƙin da maiƙon. Bayan nan, a kan tayil, siminti, roba da fuskar katako mai santsi, bilic, wato irin Hypo ɗin da kika yi amfani da shi, ya wadatar: kofin shayi ɗaya a ruwa lita huɗu, a shafa, a bar shi minti goma, a goge. Zuba shi tsagwaronsa ba ya ƙara komai sai cin hannu da sa hinjis tsatsa. A kan ɗanyen katako marar rufi kuwa, bilic yakan faranta sama ne ya bar saiwar a ciki, ga kuma ruwan da aka ƙara wa katakon. A nan na fi son farin ruwan khal, a fesa ba sirki, a bar shi awa guda, a goge, in ya bushe a bi da sanfefa. Sai dai khal yana cin dutsen mabul, kada ya taɓa shi. Abu ɗaya kuma da nake roƙon ki: kada ki haɗa bilic da khal, ko da ruwan wanke masai, ko da wani sinadarin goge-goge, da sunan ƙara ƙarfi. Haɗin yana tayar da iskar kulorin, mai iya shaƙe mutum a rufaffen kicin. Ki zaɓi ɗaya.

Busarwa ta fi wankin muhimmanci, kuma nan ne nake zaton aikinki na baya ya lalace. An wanke, an goge, bayan awa ɗaya an mayar da kaya an rufe, ke nan an shayar da abin da ake son kashewa. Ki zare durowa da shelf ki kai su inuwa mai iska, ki bar ƙofofi a wangale, ki juya fanka tana hura cikin kabad kwana biyu ko uku. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, bayan haka fumfuna ta riga ta fara. In baƙin ya mamaye fiye da mita ɗaya tsawo da faɗi, ko kin danna katako da yatsa ya lotsa, wanki ya wuce, sai kafinta.

Tambayarki ta ko katakon ne ba shi da kyau tana da gaskiya a ciki. Yawancin kabad ɗin da ake haɗawa yanzu da MDF ne ko wanda ya fi shi araha, wato garin katako da gam aka matse aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Fuskar ba ta shan ruwa, amma bakin da aka yanka yana sha kamar burodi a shayi, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Mu kafintoci muna da laifi a nan. Mukan liƙe bakin da mai gida zai gani, mu bar na baya da na ƙasa da ramin da muka yanka wa sinki a buɗe. Bayan kabad kuma mu sa ɗan siririn allo mu manna shi da bango, ƙasan ya zauna daram a kan tayil inda ruwan mopa ke wucewa kullum. Araha ba ta ado. In za a sake miki, ki tsaya a kan abu huɗu ko da kafintan zai ɓata rai. Gidan sinki a yi shi da filawud mai jure ruwa, wanda 'yan katako ke kira marin bod, ko da alminiyam. Kowane baki da aka yanka a shafe shi da silikon ko fenti kafin a haɗa. Kabad ya tsaya a kan ƙafafun roba ko ƙarfe, santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa. A bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bayansa da bango. Manomin da ya ɗora rumbu a kan duwatsu ya san abin da yake yi, hatsinsa kan shekara ba tare da danshin ƙasa ya taɓa shi ba, mu ne muka zo da kayan zamani muka manta.

Ko ba a sake kabad ɗin ba, akwai ƙaramin aiki mai amfani sosai. Kafinta ya zo da abin huda ramin hinjis, mai faɗin milimita 35, ya huda ramuka uku ko huɗu a ƙasa da sama, a gefe ko a allon da ke rufe ƙafa, a liƙa musu ragar sauro ta ciki saboda kyankyaso da ɓera. Iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. A gidan sinki nakan cire allon baya ɗungurum, domin bangon ya yi numfashi kuma yoyo ya bayyana da wuri. Masu kantar siminti da aka sa wa ƙofofin katako su ma ramukan nan suke buƙata, ko a yi ƙofar da tsaga-tsaga.

Akwai wani aiki da ba na mantawa. An kira ni gidan wata amarya wata huɗu da biki, kabad ɗin da aka kashe wa kuɗi masu yawa ya yi baƙi ta baya tun daga wannan kusurwa har waccan, buhunan gara sun dunƙule. Ba yoyo, ba banɗaki a baya. Ashe an yi filasta ana saura mako biyu ɗaurin aure, aka shafa fenti, aka kafa kabad, 'yan jere suka cika shi maƙil. Sabuwar filasta tana buƙatar kamar kwana ɗaya a kan kowace milimita ta kaurinta kafin ta bushe, bulo da kankaren da ke bayanta kuwa watanni suke ɗauka. Ruwan ginin ne bai sami hanyar fita ba sai ta cikin katako. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai kai 'yarsa sabon gini, musamman da damina, gara a yi jere a kan tebur da kwanduna, kabad ya biyo baya.

Game da kafur da turare: turaren wuta yana rufe wari ne kawai. Kafur kuwa, fararen ƙwallayen nan, an yi su ne don ƙwarin tufafi, ba sa shan laima, gari da mai suna ɗaukar warinsu, kuma guba ne in yaro ya haɗiya. Ga jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a ƙasashenmu, ko shaƙarsa na iya fasa jini ya kawo shawara mai tsanani. Ki fitar da shi daga kicin. Gawayi a buɗaɗɗen kwano yana rage wari, ki riƙa shanya shi kina mayarwa. Robobin shan laima da ake sayarwa a manyan kantuna, masu farin gishiri a sama ruwa na taruwa a ƙasa, suna aiki a ƙaramin kabad da ke rufe, amma in bango na tsatsafo za su cika cikin kwanaki, kina ta saye kamar mai ɗiban ruwa da rariya.

Na bar maganar abinci a ƙarshe domin ita ce ta fi katako tsada. Kwano da tangaran a wanke da ruwan zafi, shi ke nan. Amma garin masara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen barkono, yaji ko dawa da suka yi fumfuna ko suka canza wari, kada a tankaɗe a ce an gyara, kada kuma a ba kaji ko akuya mai shayarwa. Wani nau'in fumfuna da ke son masara da gyaɗa yana fitar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda dahuwa ba ta kashewa, yana taruwa ya lalata hanta har ya kai ga ciwon daji. A 2004 mutum 125 suka mutu a gabashin Kenya bayan cin masarar da aka adana da danshi. Hatsi ba ya zama lafiya a ajiya sai laimarsa ta sauka wajen kashi 13 cikin ɗari, abin da tsofaffi ke ganewa da cizo: in ƙwayar ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa da saura. Garin da aka dawo da shi daga inji da ɗuminsa, a baza shi a tire ya huce kafin a zuba a bokiti a rufe, in ba haka ba zai yi gumi a ciki. Kuka, kuɓewa, karkashi, daddawa da dunƙulen magi su shiga kwalba ko roba mai murfin da ke kamawa sosai, bayan an tabbatar sun bushe. Da damina a rage yawan niƙa, na mako biyu ya isa. Kuma abinci kowane iri bai da wurin zama a gidan sinki ko a kabad ɗin da ke jingine da bango mai danshi, a mayar da shi kabad ɗin sama a bangon cikin gida, a bar wa tukwanen ƙarfe da bokitai na ƙasa.

Tunda haya kike, ki yi gwajin tishu da na leda a wannan makon, ki ɗauki hoton abin da kika gani da kwanan wata, ki nuna wa mai gidan ko wakilinsa tun ruwa bai ɗauke ba, domin in hunturu ya shigo bangon zai bushe ya yi kamar bai taɓa laifi ba, a ce ke ce ba ki iya riƙon kicin ba. Yoyon bututu da silikon a gyara su yanzu. Aikin bango da sake katako kuwa a bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da iska za ta busar da ginin har ciki kafin a mayar da kabad.